Makiyayin Hawa na Huɗu

Wata biyu ke nan da Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda duk muke kira Baba. Ranar Talata ce da hantsi. Washegari muka kai shi makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan gari ana yayyafi, muka dawo muka zauna makoki a flat ɗinmu na unguwar Plumstead a London, hawa na huɗu, inda ya yi shekarunsa tara na ƙarshe tare da mu.

Kwana uku takalma ba su yanke a bakin ƙofa ba, har suka gangara kan matakala. Lif ɗin gidan ya zaɓi wannan makon ya lalace, don haka duk wanda ya iso sai ya dafa bango ya gama haki kafin ya iya cewa Allah ya jiƙan Baba. Na je zaman makoki da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin wanda liman ya yi ta roƙon mutane su rage dariya ba sai wannan.

Wanda ya fara ɓata zaman shi ne mahaucin Peckham, wani dattijo ɗan Ghana mai shago a Rye Lane. Ya shigo idanunsa jajur, ya zauna a ƙasa, ya yi addu'a, ya fyace hanci, sannan ya ce da Hausarsa ta zango:

"Shekara ashirin da biyu mutumin nan yana zuwa shago na. Ko rana ɗaya bai ce nama na ya yi kyau ba. Zai ɗaga cinya ya duba, ya ce saniya nan ya tsufa, ya haifu bakwai, an yi mishi zalunci. Ni na ce Alhaji, cikin kwali ya zo, ina ka ga haifuwa? Yanzu wa zai zage ni ranar Asabar?"

Ya fashe da kuka, mu kuma muka rasa ko mu taya shi ko mu toshe baki. Daga nan kowa ya buɗe nasa. Wani likita ɗan Katsina ya ce ranar da suka fara haɗuwa a masallaci Baba ya gaya masa ƙirjinsa yana da faɗi amma bayansa ya lanƙwashe, da a kara ne, kasuwar shanu, sai an rage masa kuɗi. Wata 'yar uwarmu da ta reni yara shida a ɗaki biyu ta leƙo daga kicin ta ce ita ya kira ta uwar garke, kuma tun da ta zo ƙasar nan ba a taɓa yabonta kamar haka ba. Har tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanmu ta hauro da kek ɗinta, ta ce abin da za ta fi kewa shi ne kukan shanu da ke ratso silin ɗinta ƙarfe bakwai na safe, don da shi take ɗora shayi.

Da mutane suka watse, 'yarmu ta fari, wadda take jin Hausa sarai amma ba ta amsawa sai da Turanci, ta tambaye ni: "Was Kaka a farmer or a train man?" Ko manomi ne ko mutumin jirgin ƙasa, na rasa amsar da za ta shiga jimla ɗaya. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada ita da ƙannenta su girma suna zaton kakansu wani tsoho ne kawai mai yi wa waya faɗa.

Baba ya zo London yana saurayi don ya karanta kiwon dabbobi. Kuɗin karatu ya yanke a shekara ta biyu, sai ya karɓi aikin tsaron ƙofa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Charing Cross, wai na wata shida kafin abubuwa su daidaita. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙofar nan. Bai taɓa kiran abin asara ba. Cewa yake duk duniya babu makarantar koyon duba ƙafa kamar wurin da dubban mutane ke wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gabanka kowace safiya. Tun daga nesa yake gane mai ciwon gwiwa da mai ƙaryar ɗingishi.

Mahaifinsa ya bar masa shanu bakwai a ƙauyensu na ƙasar Bauchi, farare, irin waɗanda ake kira Bunaji. Ƙaninsa, Baba Ƙarami, shi ke kula da su tare da makiyayi. Baba kuwa ya yi kiwonsu daga nan: da farko ta wasiƙa, sai ta kaset, sai ta katin waya, daga ƙarshe ta kiran bidiyo. Ba don nono yake kiwo ba, ba kuma don a ce yana da shanu ba. Tsarinsa shi ne iyaye su haihu, a yaye maruƙa, a sayar da maza ga masu kiwon turke da mahauta, a tsame mata masu kyau su zama iyayen gobe. A kan wannan ya ƙare rayuwarsa.

Ni ɗan cikin birnin Kano ne, aikina a ofishin council, wato ƙaramar hukuma. Kafin in san Baba, saniya a wurina abu ne da ake gani a tukunya. Ranar da na je gaishe shi ina neman 'yarsa, na sha babbar riga, na haddace tarihin gidanmu har kaka na uku. Bai tambaye ni ko ɗaya ba. Bayan gaisuwa ya ce:

"Malam, tashi ka rufe mini ƙofar can."

Ƙofar a rufe take. Na je na taɓa ta na dawo. Ina tafiya ina jin idonsa a kan dugadugaina.

"Ku nawa ne a wurin mahaifiyarku?"

"Mu tara ne, Baba."

"Duk a raye?"

"Duk a raye."

"Mahaifinku yana cin nama da haƙorinsa?"

"Har ƙashi yana taunawa."

Aka kawo tuwo, na ci malmala ɗaya saboda kunya. Bayan na tafi, kamar yadda matata ta ba ni labari daga baya, ya ce wa matarsa, marigayiya Inna: "Ƙafarsa a miƙe take, gidansu ana rayuwa, kuma ba shi da ci. Irin nan ba ya wahalar riƙo." Bayan aure da ya ga ainihin cina, ya ce wannan ne karo na farko da aka cuce shi a ciniki.

Da Inna ta rasu ya dawo gidanmu, ni na zama mai riƙe waya, saboda hannunsa yana ɗan rawa. Kullum ƙarfe bakwai, kafin shanu su fita kiwo, zai zauna a kujerarsa ta kusa da taga, ya sa gilashi biyu, ɗaya kan ɗaya, makiyayi ya bi da waya cikin garke.

"Tsaya. Koma baya. Wannan mai tabon, juya mini ita. Sunkuyar da wayar in ga hantsar. Ba fuskarka nake son gani ba, na san fuskarka."

Wata rana muna da booking na ganin likita a asibiti da sassafe, lokacin kiran ya same mu a cikin bas. Baba bai ga dalilin fasawa ba. Daga Plumstead har Woolwich mutanen bas suna jin wani dattijo mai hula yana ba da umarni da ƙarfi, shanu suna amsa masa. Wani yaron Bature ya leƙa allon wayar daidai lokacin da makiyayi ya ɗaga wutsiyar wata saniya. Uwarsa ta sauya masa kujera. Ni kuma na yi ta kallon taga kamar ban san mutumin ba, alhali wayar a hannuna take.

Dokokinsa ba su da yawa, kuma duk gidanmu mun haddace su ba da son ranmu ba. Saniyar da ta tsallake damina biyu ba ta haihu ba, a kai ta kara. Yakan ce wannan ta daina aiki, albashi kawai take karɓa. Bijimi ba ya wuce shekara uku a garke, don kada ya hau 'ya'yansa jini ya lalace. A haɗa shanu da bijimi yadda haihuwa za ta faɗo farkon damina, lokacin da ciyawa kyauta ce. Gurya da harawa da dusa a saye su da kaka suna araha, a adana, kada a bari sai bazara ta matsa 'yan kasuwa su yi ta wasa da mutum. Kuma kada a zaɓi karsana don kyanta, a fara tambayar uwarta: tana haihuwa ba taimako? Tana riƙe jiki da rani? Ɗanta yana tashi da wuri?

Sai abubuwa biyu da ya ce ba a yi musu tsimi, allurar rigakafi da bijimi. Duk sauran abin duniya kuwa Baba ya yi masa tsimi. Kwat ɗaya na san shi da ita tun ina zuwa zance. Idan matata ta kunna hita, zai bi bayanta ya rage, ya ce jikin da aka saba wa ɗumi ba ya jure wahala. Ganyen shayi ɗaya yana yi masa kofi uku, na ukun sai dai a kira shi ruwan zafi mai tarihi. Amma in aka ce ga wani bijimi mai kyau a kasuwar nesa, zai tura makiyayi kwana biyu a mota, ya sa a nuna masa dabbar ta gaba da ta baya da ta ƙasa, ya sa a nemo wanda ya san uwarsa, kuma ba ya neman ragi sosai.

Rigimarsa mafi girma da ƙaninsa ce, kuma ni na jawo ta.

Wata bazarar ƙasar nan na ɗauke shi a mota zuwa wani bajekolin manoma a Kent, don in faranta masa. A can muka ga wani bijimin Turawa fari, ba tozo, ba ƙaho, girmansa kamar ƙaramar motar kaya. Na zaci Baba zai rikice. Ya zagaya shi sau uku hannu a baya, sannan ya tsare mai shi da tambaya kusan awa guda: me yake ci a rana, nawa ake kashewa, 'ya'yansa da wane nauyi suke faɗowa. Da muka dawo mota ya ce:

"Dabba ce mai kyau, a garinsu. Ka kai shi gida, kaska za ta gama da shi kafin ya gama gaisawa da mutane. Kuma abin da yake ci a wata, shanuna biyar za su ƙetare rani da shi."

Abin da ban faɗa masa ba shi ne na riga na ɗauke shi hoto yana shafa wuyan bijimin yana murmushi, na tura wa dangi a gida, har na rubuta a ƙasa: Baba ya ga abin da ransa ke so.

Baba Ƙarami mutum ne mai son yayansa, kuma shekara da shekaru yana karɓar umarni ta waya bai taɓa yanke shawara ko ɗaya da kansa ba. Ya ga hoton nan, ya ga dama ta samu. Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya sayar da karsana huɗu, waɗanda Baba ya tsame da kansa bayan dogon nazari, ya je wata gonar zamani wajen Jos ya sayo bijimi ruwa biyu, rabi namu rabi na Turawa. Ya sa aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya jira kiran safe.

Ina riƙe da wayar lokacin da aka nuno shi. Baba ya cire gilashi ɗaya, ya mayar, ya cire ɗayan.

"Wannan baƙon na waye?"

"Naka ne, Yaya. Irin wanda ka gani a can."

"Ina karsanar nan huɗu?"

Sai kukan wata saniya daga nesa.

Baba ya ce mini a hankali: "Kashe wayar, ɗan birni." Ranar ko shayin farko bai sha ba.

Mutanen ƙauye suka sa wa bijimin suna Mai Girma, kuma ya ci sunansa. Ba ya bin garke zuwa kiwo, in rana ta ɗaga sai ya nemi inuwa ya kwanta yana haki. Sai da aka kafa masa rumfa. Ana yi masa wanka safe da yamma, ana cire masa kaska da hannu, ana kawo masa dusa har gabansa, yana shinshinawa yana kawar da kai in ba a sa gishiri ba. Abincin da aka tanada don rani duka ya ƙare tun sanyi bai gama fita ba, aka koma saye da tsada, abin da Baba ya fi ƙi a duniya. Duk wannan abin dariya ne, har zuwa lokacin haihuwa. 'Ya'yansa suka zo da girma fiye da yadda shanunmu suka saba. Wata saniya da ta haihu sau shida ba wanda ya taɓa sa mata hannu ta kwana biyu tana naƙuda, ta mutu da ɗan a ciki. Baba ya san uwarta da kakarta. Da aka faɗa masa ya shiga ɗaki ya rufe, bai fito ba sai la'asar.

Ni bai taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai, ina ɗaukar yara hoto, ya ce: "Yi a hankali da wayar nan taka. Shanu biyar ta ci."

Aka sayar da Mai Girma ga mahauta da faɗuwa. 'Yan'uwan nan biyu kuwa suka shekara biyu ba sa magana. Sai dai garke ba ya jiran a shirya, dole saƙo ya wuce. Kullum da safe ana ganin gefen hular Baba Ƙarami a bayan makiyayi. Baba sai ya zaɓi wata saniya ya yi mata magana.

"Ke mai karyayyen ƙaho, ki faɗa wa wanda ke tsaye a bayanki cewa gurya ta sauko, a saya yanzu. In da sauran abin saye."

Daga can sai a ji murya: "Ki ce masa an saya tun shekaranjiya. Ki kuma tuna masa mai zama a kujera a ƙasar sanyi ba shi ke ɗaukar buhu ba."

"Ki ce masa na ji."

Saniyar nan ta yi aikin jakadanci har ta saba. Da ta ga waya sai ta matso da kanta.

Abin ya ƙare wata safiya ana tsakiyar damina. Makiyayi yana wucewa da waya, Baba ya ce ya tsaya. Wata 'yar karsana ce, ba ta kai shekara ɗaya da rabi ba amma ta fi sa'o'inta cika, bayanta shimfiɗe, cinyoyinta a cike, kuma tana tsaye cikin rana tana kiwo abinta. Baba ya sa aka juya ta sau biyu. Ya sa aka duba kunnenta da ƙarƙashin wutsiya, kaska ba ta fi ta kowa ba. Ya san amsar tambayarsa sarai, amma ya yi ta, kuma bai bi ta kan saniya ba.

"Ƙanina, wannan 'yar wace ce?"

Hular nan ta matso har fuska ta bayyana. "'Yar Mai Girma ce, Yaya."

Baba ya daɗe yana kallo. "Ashe ba duka dusar ce ta tafi a banza ba," ya ce. "Jinin nan kaɗan yake so, kamar kanwa a miya. Kai ka zuba da ludayi. A riƙe ta. Yaya ƙafar taka?"

"Da sauƙi, Yaya. Yaya sanyi?"

Iyakar sulhun ke nan. Matata tana kicin tana share ido da gefen mayafi, ni kuma hannuna ya gaji amma ban yarda na motsa ba.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi a bana. Yana asibiti maganar makomar shanu ta taso. 'Ya'yansa biyu ne, matata da wanta, wanda nake kira Yaya, likitan haƙori ne a arewacin London. Baba yakan ce ya biya wa yaron nan karatun haƙori shekara biyar amma har yau bai iya buɗe bakin saniya ya faɗi shekarunta ba. Yaya mutum ne mai tsari, kuma hujjarsa ba ta da aibi: ɓarayin shanu sun yi yawa a yankin, abinci ya yi tsada, Baba Ƙarami ya tsufa, cikinmu kuma ba wanda ya san kan abin. Gara a sayar tun suna da daraja. A bakin ƙofar ɗakin asibiti yake faɗa mana da ƙaramar murya, yana zaton Baba barci yake.

"Ku shigo ku yi a gabana," in ji Baba, idonsa a rufe. Muka shiga kamar ɗaliban da aka kama. "Bayan raina dukiyarku ce, ban hana ku ba. Amma kada ku sayar da rani suna rame. Kada ku kai su kara gaba ɗaya, dillalai za su gane mai su ya mutu. Kuma kada ku raba uwa da ɗa kafin yaye. Sauran ku yi yadda kuka ga dama."

Yaya ya ce: "Baba, ba yanzu ake maganar ba."

"Da ni da kai wa ya fi sanin dabbar da ta gama?"

Safiyar Talatar nan ya ce in kira ruga. Na riƙe masa wayar kusa da fuska. Bai ba da umarni ko ɗaya ba, ya dai yi ta kallonsu suna fita ɗaya bayan ɗaya, har na zaci ya yi barci. Can ya ce: "A rage wa mai tabon nan dusa, ta fara ƙiba." Wannan ce maganarsa ta duniya ta ƙarshe. Bayanta sai kalmar shahada, wadda ya yi ta maimaitawa har Allah ya ɗauke shi.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya ɗauki hutu ya tafi gida, da yardar matata, don a raba gado a sayar. Kaka ta shigo, shanu sun yi kyau, ba abin da ya saɓa wa sharaɗin Baba. Kwana biyu da isarsa ya kira mu da rana, muryarsa wani iri. Ya juya wayar ya nuna mana karsana huɗu ɗaure a gindin wata bishiya, nesa da garke.

"Waɗannan ba sa cikin namu," ya ce. "Jiya wasu mata huɗu suka kawo su. Wai ta'aziyya ce."

Baba Ƙarami ya karɓi wayar ya kira ni. "Ɗan birni, kana tuna lokutan da yayana ya yi kuskure?"

Na tuna. Sau huɗu cikin shekarun da na riƙe waya, Baba ya dubi wata saniya ya yanke mata hukunci cewa juya ce, ba za ta ƙara haihuwa ba, kai ta kara ma asarar kuɗin mota ne. Sai ya ce a kai wa wance, ta yanka ko ta sayar, ta dai raba shi da ita. Ta farko matar tsohon makiyayinsa ce da ya rasu ya bar ta da yara. Sauran ukun ma duk mazajensu sun mutu. Kowane karo, bayan wata uku ko huɗu, sai labari ya zo cewa juyar ta haihu. Mu kuma a nan mu yi ta tsokanarsa. Har na taɓa ce masa: "Baba, ko a ƙaro gilashi na uku?" Ya ɓata rai ya ce wayata ce ba ta nuna abu da kyau.

Baba Ƙarami ya ce: "Mutumin da ke gane cikin saniya na wata biyu daga London, shi zai kasa gane na wata shida? Masu kyau yake zaɓa. Ni yake sa in kai da kaina. Ya ce in aka ce musu sadaka ce ba za su iya haɗa ido da mu a gari ba, amma in shara ce aka zubar musu, ba wanda ya ji kunya. Ya kuma ce in na faɗa wa kowa zai koma yi mini magana ta bakin saniya, don in aka san yana kyauta farashin komai zai tashi a kansa."

Kowace cikin matan nan yanzu tana da 'yan shanunta, kuma kowace ta zaɓo karsana mafi kyau daga zuriyar juyar ta kawo. Yaya ya ce ya yi ƙoƙarin mayar musu, babbarsu ta ce masa ba shi ta kawo wa ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na ɗauko Yaya daga filin jirgin Heathrow. Ya yi baƙi, jakarsa tana warin hayaƙi da man shanu, muka kama hanya har Plumstead. Ya zauna a falo, matata ta kawo masa ruwa ta tsaya a kansa.

"To, Yaya, an sayar?"

"An sayar da maruƙa maza, waɗanda dama lokacinsu ya yi."

"Iyayen fa?"

Ya sha ruwa. "An raba a gaban malam, an san nawa an san naki. Suna nan tare." Ya ƙara sha. "Na je in sayar da su, na baro su sun ƙaru da huɗu. Kuma na yi alkawarin gyara rijiya. Kuma bijimin ya kusa cika shekara uku, wai sai mun fara neman wani."

Matata ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, Yaya yana cewa ba abin dariya ba ne, shi bai san ma yadda ake zaɓen bijimi ba. Tun ranar jana'iza ban ga hawayenta ba, tana ta hidimar baƙi da yara. A tsakiyar dariyar nan kukan ya zo mata, ta kifa kai a gwiwar wanta, shi ma ya cire gilashi ya rufe fuska. Na ja yara muka shiga ɗaki muka bar su.

Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Inna a gidan rahama. Ya rufa wa bayin Allah asiri ta hanyar da ba su sunkuyar da kai ba, Allah ya rufa masa nasa ranar da kowa ke neman rufi. Mu da ya bari da rijiya da neman bijimi, Allah ya ba mu ikon riƙewa.